Tsarin mazurarai 32 da aka turo min ya ƙi hawuwa: laifin takarda ne ko na gangara?

Tayar Gaba: Assalamu alaikum jama'a. Na zo da matsala, na kuma san a nan ko a warware min ita ko a ƙara dagula ta. Wani abokina da muke silalom tare, wato wasan zagaya mazuraran roba da aka jera a titi a kan allo mai taya (skateboard), kafin ya yi nisa ya turo min tsarin da suke hawa duk ƙarshen mako. Mazurarai 32 ne, gauraye, wato akwai matsattsun wurare, akwai masu faɗi. Ga yadda ya rubuto: 6, 6, 6, 6.5, 7/1, 8/2, 8/2, 9/2, haka har ƙarshe. Ya ce lambar farko tazara ce, ta biyu kuma kauce. Jiya na ɗauki tef da alli na shimfiɗa shi tsaf a gangarar da muke atisaye. Goman farko lafiya lau. Daga na 14 allo ya fara gardama, kafin in kai na 20 na watsar da biyar, tayar baya ta zame sau biyu. Mu huɗu muka gwada, babu wanda ya fita da tsabta, wato bai zubar da ko ɗaya ba. Shi kuwa ya turo bidiyo yana ratsa tsarin kamar maciji a ciyawa. Ko dai ya fi mu iyawa nesa ba kusa ba, ko kuma akwai abin da takardar ba ta faɗa ba.

Mai Tef: Wa alaikumus salam. Kafin ka zargi ƙafafunka, amsa min uku. Lambobin nan ƙafa ne, ko ka mayar da su mita? Tazarar daga tsakiyar mazurari zuwa tsakiyar na gaba ka auna, ko daga baki zuwa baki? Sannan kaucen nan, daga ina ka auna shi?

Tayar Gaba: Ƙafa ne, tef ɗina yana da ƙafa da inci a gefe ɗaya. Tsakiya zuwa tsakiya na auna. Kauce kuma na ja igiya a tsakiyar titi, na riƙa sa ɗaya ƙafa 2 hagu da igiyar, na gaba ƙafa 2 dama da ita.

Mai Tef: To ka ga inda gizo ke saƙa. Mutane da yawa idan suka rubuta 8/2, nufinsu ka sauka ƙafa 8 daga mazurarin da ka baro, ka matsa gefe ƙafa 2 daga shi wannan mazurarin, ba daga layin tsakiya ba. Kai da ka sa 2 hagu 2 dama, ka mayar da kaucen ƙafa 4 tsakanin kowane biyu. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, idan ka ja tef kai tsaye daga mazurari zuwa mazurari bambancin bai taka kara ya karya ba: na farko ƙafa 8.2 ne, naka kusan 8.9. Amma kusurwar da allo zai bi ta tashi daga digiri 14 zuwa kusan 27. Ka ninka kwanar, ba tare da ka ba kanka wurin yin ta ba. Tambayi abokin naka wanne yake nufi.

Sabon Shiga: Ku yi haƙuri yayyena, wata biyu ke nan da na fara hawa. Ni na ɗauka duk mazurarai a layi ɗaya ake jera su. Kauce kuma na mene ne?

'Yar Dunduniya: Ƙanena, miƙaƙƙen layi shi ne karatun farko. A nan ake koyon famfo, wato kaɗa ƙugu da gwiwa don allo ya ƙara gudu ba tare da ka sa ƙafa ƙasa ba. Matsattsen silalom yawanci tazararsa ƙafa 5 zuwa 7 ce, kaucensa kaɗan ne ko babu. Ƙaton silalom mazuraransa nesa da juna suke, suna zube hagu da dama a faɗin titi, gudu kuma ya fi yawa. Gauraye yana tsakani. Idan aka fitar da mazurari daga layi, an tilasta maka ka kai allon can gefe ka zagayo shi ta waje, ka dawo. Daɗin wasan ke nan, wahalarsa kuma ke nan.

Tsohon Hannu: Na karanta lissafin Mai Tef, daidai ne, amma ba shi kaɗai ne ciwon ba. Yaro ya ce goman farko lafiya lau, kuma 8/2 ɗin nan tun a na shida suka fara. Da kauce ne kawai matsalar, da tun can zai fara kuka. Abin da ya same shi a na 14 gudu ne. Tayar Gaba, gangararka ta fi ta abokinka tsayuwa, ko ban gan ta ba na sani. Tsari ba lambobi ba ne, tsari auren lambobi da titi ne. Ka ɗauko amarya ka kai ta gidan da ba nata ba.

Tayar Gaba: Baba, a bidiyon kam titinsu ya fi namu kwanciya. Amma kyamara tana ɓoye gangara, shi ya sa ban kawo komai a raina ba.

Mai Tef: Baba ya yi gaskiya a nan, kuma ana iya sa masa lamba. Gangarar kashi 3 cikin ɗari tana nufin a kowace mita 100 ka sauka mita 3. A ce ka yi tafiyar mita 60. A kashi 3 ka sauka mita 1.8, a kashi 6 ka sauka 3.6. Idan muka ajiye iska da gogayyar taya gefe, na farko zai kai gudun kusan mita 6 a sakan, na biyu kusan 8.4. Gudu ya ƙaru da kamar kashi 40 cikin ɗari ke nan. Amma riƙon da taya ke buƙata don ta sha kwana iri ɗaya yana tafiya ne da gudu sau gudu, saboda haka shi ninkawa ya yi. Tayar baya ba ta yi laifi ba da ta zame, an ɗora mata kayan mutum biyu.

Ga kuma wani lissafi mai sauƙi da nake so kowa ya riƙe. Tazarar mita 1.8 a gudun mita 5 a sakan tana nufin mazurarai kusan uku kowane sakan. A gudun mita 7, kusan huɗu ne. Tazarar ba ta canja a takarda ba, amma a jikinka ta matse.

Tsohon Hannu: Shi ya sa duk mai shimfiɗa tsarin kirki a gangara yake buɗe tazara sannu a hankali yayin da ake sauka. Sama a matse, ƙasa a sake. Idan kuma yana so ya matse ƙasa, sai ya fara sa manyan kauce biyu ko uku su cinye gudun tukuna. Wannan ba a tef ake koyonsa ba. Ka jera goma, ka hau, ka ji, ka gyara, ka ƙara goma. Ni ban taɓa auna tsari kafin in hau shi ba. Bayan ya yi daɗi nake aunawa, in ma na auna.

Mai Tef: In ma ka auna! Baba, ai wannan ce ta sa duk tsarin da ka taɓa shimfiɗawa ya tafi da ruwan saman farko. Shekara nawa kana ba mu labarin wani tsari da ka ce ba ka taɓa hawa irinsa ba? Ina yake? Alli ya wanke, ya tafi.

Tsohon Hannu: Ya tafi, kuma ban yi asara ba, domin titin ma an sake masa kwalta. Ko ka ba ni lambobinsa yau, ba shi zan hau ba.

Bari in ja ku baya kaɗan. Kalmar silalom daga Norway ta fito, daga masu sulu a kan ƙanƙara. Masu allo sun aro ta tun shekarun 1960, amma da tayoyin wancan lokaci masu tauri ba a iya kwanciya a kwana. Sai da Frank Nasworthy ya fito da tayar yuretan, wata irin roba mai riƙe ƙasa, a farkon shekarun 1970 wasan ya samu ƙafa. Ku duba inda ya girma: La Costa, a kudancin Kalifoniya, unguwa ce da aka shimfiɗa mata sababbin tituna masu santsi a kan tuddai kafin gidaje su cika. A nan gwanayen silalom irin su Henry Hester suka yi suna. Titi ne ya tara mutane, ba takarda ba. Gasar Del Mar ta 1975 kuma a kan gangarar katako da aka gina aka yi silalom ɗinta. Da wasan ya farfaɗo, aka yi gasar duniya a Morro Bay a 2001, daga baya aka riƙa yin gasa a Trocadéro cikin Paris, kowane wuri da halinsa. Babu wanda ya ce a ɗauko tsarin can a dasa a nan inci da inci.

Mai Agogo: Ni zan tsaya tsakani, don ni nake riƙe agogo, ni ake zagi. Hujjar Baba mafi ƙarfi bai ma faɗe ta ba. A gasar mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, ana shimfiɗa tsari iri ɗaya sak a layi biyu, titi ɗaya, rana ɗaya, tef ɗaya. Duk da haka sai an yi hawa biyu, a musanya layi, a haɗa lokutan. Me ya sa? Saboda kowa ya san layukan ba za su taɓa zama ɗaya ba. Titi yana da doro a tsakiya don ruwa ya gangare gefe, wani layin yana da faci, wani yana da tsaga. Idan taku biyar a tsakani ya isa ya kawo bambanci, ina ga wata ƙasa?

Amma Malam Mai Tef ma yana da tasa hujjar, sunanta saiba silalom. An ƙirƙiro shi ne don mutanen da ke nesa da juna su gwada lokaci ta intanet. Mazurarai 25 a miƙe, ƙafa 6 tsakiya zuwa tsakiya, ƙafa 15 daga layin tashi zuwa na farko, ƙafa 15 daga na ƙarshe zuwa layin gamawa. Jimla ƙafa 174, a fili mai kwanciya. Wannan tsari yana tafiya ko'ina a duniya ba ya canjawa. Ku lura da dalili: an cire gangara, an cire kauce. Wato an cire abubuwa biyun da suka kayar da Tayar Gaba.

Mai Tef: Ko a saiba ɗin ma sai an yi hattara. Ƙafa 6 mita 1.83 ce, ba 1.80 ba. Wanda ya ce "ai duk ɗaya ne" ya sa 1.80, a tazara 24 ya rage kusan santimita 70 daga tsawon filin, sannan ya zo yana murnar ya karya lokacinsa. Wanda kuma ya auna baki zuwa baki ya cuci kansa ta ɗaya gefen: gindin mazurarin gasa kusan santimita 14 ne, tsayinsa kusan 23. Ka ƙara 14 a kowace tazara, a mazurarai 30 ka ƙara wa tsarin mita 4.

Mai Agogo: Mu idan za mu ɗauki lokacin saiba muna hawa ta nan, mu juyo ta can, mu raba biyu. Filin da ido ya ce a kwance yake sau da yawa ƙarya yake yi.

'Yar Dunduniya: Duk kun manta abu ɗaya, kuma ban yi mamaki ba tunda kusan dukanku ƙafar hagu kuke sawa gaba. Ta wane gefe ake shiga mazurarin farko? Takardar abokin Tayar Gaba ba ta faɗa ba.

Na taɓa kwafo wani tsari daga hoton takarda, layi ɗaya ya yanke a hoton ban sani ba, mazurari ɗaya ya ɓace a tsakiya. Daga wannan wurin duk abin da ya biyo baya ya juye. Mazurarin da ya kamata in zagaya ta waje sai na riƙa wuce shi ta ciki, kusan a miƙe. Na yi lokaci mai kyau har na fara jin kaina, sai wata 'yar'uwa ta kalli bidiyon ta ce, "Yaya, ai tsarin ne yake kauce miki, ba ke kike kauce masa ba." Mazurari ɗaya tak.

Sannan maganar adalci. Mai hagu a gaba da mai dama a gaba ba kwana ɗaya suke sha ba. Kwanar da ke ɓangaren yatsunka ita ce ɓangaren dunduniyata. Yawancinmu ɗaya ta fi mana sauƙi. Idan mai tsari ya zuba manyan kaucensa duka a gefe guda saboda nan ne jikinsa ya fi so, ya yi wa rabin mahaya tarko bai sani ba. Baba, tsarin ji-da-jiki da kake yabo a nan yake da rauni: jikinka kaɗai ya ji.

Tsohon Hannu: Wannan kam na karɓa, 'yata. Shi ya sa ba na kulle tsari sai mai dama a gaba ya hau shi. Amma ki lura, hawa ya yi, ba lissafi ba.

'Yar Dunduniya: Idan yana wurin. Ranar da ba na nan fa? A takarda ko yaro zai ƙirga ya ga manyan kauce biyar hagu, ɗaya dama.

Sabon Shiga: To idan na taɓa mazurari bai faɗi ba, an ci ni tara?

Mai Agogo: Shi ya sa ake zagaye gindin kowanne da alli. Da'irar tana aiki biyu: a san inda za a mayar da shi, a kuma san ko ya bar wurinsa. Idan ya kife, ko ya fice daga da'irar, an ƙirga shi. A matsattse da gauraye abin da aka fi yi shi ne a ƙara maka 0.1 na sakan kan kowanne. Ka zubar da fiye da adadin da masu gasa suka yanka, ko ka tsallake ɗaya ba ka zagaya ba, an soke hawan. Ƙungiyar ISSA, wadda ke kula da silalom na allo a duniya, tana da rubutattun dokoki kan wannan. Don haka duk wanda ya turo tsari tare da lokacinsa, ya faɗa mana lokacin tsurarsa ne ko har da tara. Na gaji da jin "na yi 14" alhali mazurarai shida suna birgima a baya.

Mai Tef: To ga shawarata, duk mai turo tsari daga yau ya bi. A ja igiya ɗaya miƙaƙƙiya daga sama zuwa ƙasa. Kowane mazurari a ba shi lamba, a rubuta nisansa daga layin tashi, ba daga na bayansa ba. Idan kana aunawa ɗaya bayan ɗaya, kuskuren inci ɗaya a nan da ɗaya a can taruwa yake yi, kuma idan layi ya ɓace kamar yadda ya faru da 'Yar Dunduniya ba za ka gane ba. Idan daga layin tashi ne, tsallen lambobin zai tona asiri. Sai kauce daga igiyar, da harafi: H hagu, D dama, kana kallon ƙasan gangara. Misali: na 6, mita 12.40, D 0.30. A saman takardar a rubuta ma'auni, gefen shiga, yadda ake tashi (da tunkuɗa ko daga kan dandamali), sannan gangara a wuri uku: sama, tsakiya, ƙasa.

Auna gangara ba wuya. Igiya mita 10, ɗaya ya danne bakinta a ƙasa ta sama, ɗaya ya ɗaga ɗaya bakin har ma'aunin magina mai ruwa a ciki ya nuna ta daidaita, a auna daga igiyar zuwa kwalta. Santimita 50 kashi 5 ke nan.

Tsohon Hannu: Idan titin ya lanƙwasa fa? Igiyarka za ta bi ta cikin lambatu.

Mai Tef: Sai a karya ta gida biyu ko uku, a faɗi inda aka karya.

Tsohon Hannu: Idan D 0.30 ɗinka ya faɗa kan murfin rami ko tsaga fa?

Mai Tef: Sai a matsar, a rubuta an matsar.

Tsohon Hannu: Ka matsar da ɗaya, na gabansa da na bayansa sun canja hali, su ma sai ka taɓa su. Kafin ka farga kana tsaye a titi kana hawa kana gyarawa, wato ka dawo wurina da tef a aljihu. Ban ƙi takardarka ba, Malam. Ka ƙara mata layi biyu kawai. Na ɗaya, mai tsarin ya faɗi abin da yake nufi da kowane yanki: nan wurin tara gudu ne, nan wurin karya shi ne, nan tarko ne da gangan. Wanda ya san nufi zai iya gyara lamba ba tare da ya kashe tsarin ba. Na biyu, filin tsayawa. Babu wanda ya ambace shi tun da aka fara maganar nan. Mita nawa ne bayan layin gamawa kafin mahaɗa ko bango? Tsarin da ke ƙarewa da gudu a inda ba wurin tsayawa ba tsari ba ne, ko lambobinsa sun kai zinariya kyau. Hular kwano kuma ba sai na faɗa ba.

Mai Tef: Na ƙara su. A ƙara har da allon da aka hau da shi, tazarar tsakanin tayoyin gaba da na baya da taurin taya. Tsarin ƙafa 5.5 da gajeren allo ke wasa da shi, dogon allon ƙaton silalom ba zai shiga ba ko ana ha-maza-ha-mata.

Tayar Gaba: Na dawo da labari. Abokina ya amsa: kaucen daga mazurarin baya yake aunawa, kamar yadda Malam Mai Tef ya ce, shiga kuma ta dama. Na sa shi ya auna titinsu da igiya, ya ce kashi 3 ne kusan ko'ina. Namu da muka auna yau da safe: sama 4, tsakiya 6, ƙasa 5. Kowa ya ci rabonsa ke nan.

Mun gyara kaucen, muka hau. Ya fi jiya nesa, amma daga na 17 har yanzu a matse yake. Sai muka bi ta Baba: muka bar na 1 zuwa na 12 yadda suke, daga na 13 muka riƙa ƙara rabin ƙafa, daga na 22 ƙafa guda. Tsarin ya ƙara tsawo har muka cire biyun ƙarshe don filin tsayawa ya ishe mu. Yanzu 30 ne. Uku cikinmu sun fita da tsabta, ni na zubar da ɗaya.

Mai Tef: Ka auna sabon kafin alli ya goge?

Tayar Gaba: Na auna, daga layin tashi, da H da D. Zan ɗora jadawalin da daddare.

'Yar Dunduniya: Cikin ku huɗun akwai mai dama a gaba?

Tayar Gaba: Babu, Yaya.

'Yar Dunduniya: To kar ka ɗora tukuna. Turo min in ƙirga kaucen.

Tsohon Hannu: Wanne ka zubar?

Tayar Gaba: Na 19, Baba. Sau uku ina zubar da shi, shi kaɗai.

Tsohon Hannu: Bar na 19 a inda yake. Ja na 18 sama da taƙi ɗaya, ka sake hawa ka gaya min.